Abin da na tsinta kan lissafin siffofi masu gefe huɗu

Jiya bayan isha'i a majalisarmu ta Ƙofar Ƙaura na kawo kukan ƙanena da zai zana WAEC, wai da ya ga kwadilataral, wato siffa mai gefe huɗu, sai kanshi ya ɗaure. Cikinmu akwai malaman lissafi biyu, to ga abin da suka ce.

Abu na farko dai, suka ce ƙanen nawa ya zana siffar da kanshi kafin ya taɓa kalkuleta, ya rubuta duk abin da aka bashi a jiki. Kusurwoyin ciki jimlarsu digiri 360 ne, kuma kada ya haddace haka kawai, ya ja layi daga kusurwa zuwa wadda ke kallonta zai ga alwatika biyu sun fito, kowace 180, shi ke nan.

Inda aka fi daɗewa shi ne tirafiziyam, wato siffar da gefunanta biyu ke tafiya tare ba sa haɗuwa, ɗaya malamin yace yara da yawa nan suke zubar da maki don suna ɗaukar gefen da ya karkace a matsayin tsayi, alhali tsayi shi ne wanda ya sauko a miƙe ya yi digiri 90. Wajen neman girman filin cikinsa (area), in gefuna masu tafiya tare 8 ne da 12, tsayi 5, haɗa su 20, rabi 10, sau 5, amsa 50.

Rombus kuwa, wato mai gefuna huɗu masu tsawo ɗaya, dayagonal ɗinshi, layukan da ke haɗa kusurwa da wadda ke kallonta, a digiri 90 suke gittawa, nan ƙa'idar Pythagoras ta lissafin gefunan alwatika mai kusurwar digiri 90 ke shigowa. A kowace siffa mai gefe huɗu kuma, in kusurwoyi huɗun duk sun taɓa da'ira ɗaya, masu fuskantar juna 180 suke bayarwa, wannan ni kaina na manta shi wallahi sai jiyan.