Mudu Ta Kan Katanga: Musayar Baitocin Kulle

Baba Mai Tawada (Goron Dutse), Talata 14 ga Afrilu, 2020

Assalamu alaikum 'ya'yana. Kun ji sanarwar gwamna: daga ƙarfe 10 na daren jibi Alhamis an kulle Kano kwana 7 saboda cutar korona, ba kasuwa, ba jam'i. Tunda zama ya kama mu, kowa ya ɗauko alƙalaminsa. Ƙwar huɗu za mu yi, babban amsa-amo "na". Wanda ya karya, tararsa baiti biyu. Ga buɗi:

Da sunan Allah nake farawa,
Mai saukar da cuta, Mai yayewa,
Salati ga Manzo ba yankewa,
Ɗan Amina, hasken Madina.

Mun ji ta a Sin, mun ce da nisa,
Ta ci Italiya, ta ci Faransa,
Ta sauka Legas muna ta wasa,
Ran Asabar sai ga ta a garina.

Jibi da dare za a ja ƙofa,
Kwana bakwai ba mai ɗaga ƙafa,
Ku faɗa mini me za ku dafa,
Kowa ya kawo shirinsa mu auna.

Uwar Biyu (Gwale), Laraba 15 ga Afrilu

Baba barka da yamma. Yanzu na shigo, ƙafafun nan kamar ba nawa ba.

Baba ga amsa, ga lissafi,
Na isa Rimi kafin a yi zafi,
Turereniya sai mai ƙarfi,
Har aka taka mini gyalena.

Na auno gero, na auno wake,
Kuka da kanwa domin ɗanwake,
Na ɗora gawayi bayan keke,
Manja ya cinye sauran kuɗina.

Abin da ya sa ni yin dariya,
Gudun cuta muka cika hanya,
Kafaɗa da kafaɗa, ba kunya,
Wani na tari a kan wuyana.

Ruwa ne bai bar ni na rintsa ba,
Famfon layinmu bai kawo ba,
Ɗan ga-ruwa ƙila bai fito ba,
Na cika randa da jarkokina.

Sarkin Gardama (Fagge)

Yaya, kin ɓarnatar da kuɗi,
Zancen nan duk cike yake da ruɗi,
Ciwon manya ne masu jin daɗi,
Masu hawa jirgi su je Caina.

Zafin Kano ya fi ƙarfinta,
Rana ɗaya tak zai ƙone ta,
Ku nuna min wanda ya ɗauke ta
A Fagge, da gida da suna.

Anti Nas

Ina bakin aiki, a gurguje nake, amma ba zan bar wannan ta wuce ba.

Ƙanena je ka tambayi wasu,
A Daura likita ne ya rasu,
Ranar Kano ta ɗara tasu?
Rana ɗaya ce da ta Katsina.

Yawun tari ne da atishawa,
Shi ke fita yana fantsamawa,
Hannu ya ɗauka wajen gaisawa,
Ya kai hanci da ido ya zauna.

Takan yi kwana har sha huɗu
A jikin wanda jiya kuka haɗu,
Garau yake, har yana iya gudu,
Yana rabon ta kamar goron suna.

Zazzaɓi ne da tari busasshe,
Ƙirji ya riƙe kamar an toshe,
Ga tsoho takan zama ƙarshe,
Shi ya sa na ɓoye babana.

Cikin kayan da kuke tarawa, mai ciwon suga da mai hawan jini a saya musu maganin wata guda tun yau, ya fi buhun shinkafa muhimmanci. Wankin hannu da sabulu ne, daƙiƙa 20, har bayan hannu da tsakanin yatsu. Kuma don Allah kar a maimaita abin da aka yi a 2014 lokacin Ebola, da aka riƙa tashin mutane da tsakar dare wai a yi wanka da ruwan gishiri a sha. Gishirin ne ya kwantar da mutane a asibiti.

Ɗan Sahu (Kurna)

Anti na gode, Allah ya biya,
Ni kullum sai na hau kan hanya
Sannan a ɗora tukunyar miya,
In ban fita ba, ba wuta a gidana.

Mai keke balas yake jira,
Ba ni da ko sisi da na tara,
Ga mata, ga inna, ga yara,
Mu takwas ke kwana a ɗakina.

Kun ce tazara, a ina za a yi?
Gidan haya ne, ɗaya ne bayi,
Buta ɗaya, kowa na layi,
Sabulun ma sai an yi magana.

Korona sai an kai ka an gwada,
Yunwa ko ba ta neman shaida,
Tana shigowa har cikin gida,
Ta fara da ƙaramin ɗana.

Bazazzagi (Zariya)

Kanawa, sannunku da shiga aji ɗaya. Mu tun ƙarshen Maris muke ciki, ku rusuna ku ɗauki karatu wajen iyayen gidanku.

Ku matso kusa, yau ni zan koya,
Sati uku ke nan muna ɓuya,
Gwamnanmu ma ta sa shi jinya,
Ta shiga gidan gwamnati a Kaduna.

Ba hatsi ke fara ƙarewa ba,
Sai abin da ba ku lissafa ba,
Wanda ba a sa shi a buhu ba:
Gishiri, dunƙule, kati da ashana.

Tausayina Bakano ba rumfa,
Ba Kwari, ba Singa, ba kumfa,
Zai auna wa matarsa shinkafa,
Don sabo ya ce mata, "Taya mana."

Uwar Biyu

Bazazzagi bakinka da kaifi,
Ko a kulle Bakano ya fi,
Amma ashanar ban ga laifi
Ba, na mance ta, na aiki ɗana.

Alaramma (Ƙofar Mazugal), Juma'a 17 ga Afrilu

Yau Juma'a, an rufe masallaci,
Na yi azahar huɗu cikin ɗaci,
Tun da nake ban ga lokaci
Irin wannan ba a shekaruna.

Masu cewa tsoro rashin imani,
Ku koma ga hadisi ku gani,
In annoba ta sauka a wani
Gari, ba shiga, na ciki ya zauna.

Sayyadina Umar na kan hanya,
Ya ji annoba a Sham ya juya,
Aka ce gudun ƙaddara? Ya waiwaya,
Can ma ƙaddararSa ce, 'yan'uwana.

A ɗaure raƙumi, sai tawakkali,
Addini na tafe da hankali,
Sai dai Ɗan Sahu ya faɗi hali,
Haƙƙinsa na wuyanku da wuyana.

Sarkin Gardama, Asabar 18 ga Afrilu

Kun ji korona ta ɗauke shugaban ma'aikatan fadar Shugaba Buhari.

Abba Kyari, Allah ya ji ƙansa,
Mai fita waje ne don aikinsa,
Talaka me ya haɗa shi da layinsa?
Ni har yanzu ina kan bakana.

'Yar Zongo (Kumasi), Litinin 20 ga Afrilu

Mu yau aka buɗe mu, sati uku,
Kumasi da Ankara na gaishe ku,
Ku sa bokiti mai famfo ƙofarku,
Veronica muke ce masa a Gana.

Murfi a sama, baho a ƙasa,
Ba mai tsoma hannu cikinsa,
Ruwa kaɗan ya ishi gida dukansa,
Ko tsohon bokiti ya yi, ku gwada mana.

Ɗan Maraɗi

Nan Nijar Yamai anka killace,
Bakwai na dare kowa shi ɓace,
Kuɗin ruwa da wuta anka ce
An ɗauke ma talaka wata biyu bana.

Iyaka ko tun bara tana rufe,
Ɗiyata na Kano, ni ina gefe,
Waya nika bugawa dare da safe,
Kanawa ku riƙe min ita amana.

Baba Mai Tawada, Laraba 22 ga Afrilu

Kwana biyu ban leƙo ba, ku yi haƙuri. Kun san gidana ba nisa da maƙabartar Ɗandolo, duk mai wucewa ta gaban soro yake bi. Na ga sanƙarau na 1996, shi yara ya fi ɗiba. Wannan kuwa mu take bi.

Daga soro nake ƙirga makara,
Ta safe ta wuce, wata ta ƙara,
Masu haƙa sun gaji da sara,
Kuma yawancinsu duk tsarana.

Wasu sun ce zafi da maleriya,
Wasu sun ce an rufe wurin jinya,
Wurin gwajin ma an ce ya tsaya,
Ana ta ɗiba, abin ba suna.

Aminina jiya aka rufe shi,
Yara suka hana ni in raka shi,
Ta waya na gai da babban ɗan shi,
Na kashe, na zauna da hawayena.

Anti Nas

Allah ya ji ƙansa, Baba, ya sa can ta fi nan. Yaran sun yi daidai, kar ka ga laifinsu.

Baba don Allah zauna ɗaki,
Jika ya gaishe ka daga baki,
Takunkumi a ɗinka shi ninki,
Ko da guntun atamfar Inna.

Ni in na taso aiki da dare,
Autata kan rugo ta tare,
Sai in ja da baya in ware,
Sai na yi wanka take taɓa jikina.

Uwar Biyu, Juma'a 24 ga Afrilu

Barkanmu da shan ruwan farko.

Jiya an sassauta a je awo,
Kuɗin da na riƙe rabi ya kawo,
Na zaga Rimi na gaji na dawo,
Sukari ya fi ƙarfin aljihuna.

'Yan biyu sun ƙi zama da allo,
Tsakar gida ta zama filin ƙwallo,
Babansu na kwance yana kallo,
Shi ma ya zama na ukun yarana.

Alaramma

Wata ya tsaya, mun ɗau azumi,
Tafsiri a rediyo, ga malami
Ba jama'a, ni da alƙalami
Da allo muke, an kwashe yarana.

An loda su cikin babbar mota,
Kowa jiharsu, gudun cuta,
Ƙaraminsu ya mance da buta
Da robar bararsa a zaurena.

Sarkin Gardama, Talata 28 ga Afrilu

Baba, na zo biyan tara, ko da yake ba amsa-amo na karya ba. Jiya da dare Shugaba Buhari ya ƙara wa Kano sati biyu, ko uffan ban ce ba.

Na ce ku nuna gida da suna,
Ga shi an nuna mini da rana,
Kawuna kwana uku yana
Jan numfashi, ya cika a hannuna.

Bai taɓa taka jirgi ba,
Ko Abuja bai san ta ba,
Ba a gwada shi an faɗa ba,
Ni dai na sauka daga kan bakana.

Anti, tun jiya ba na jin ƙamshi,
Jiki ya mutu, da ƙyar nake tashi,
Amma lafiya lau numfashi,
Me zan yi? Ga tsohuwa a gidana.

Anti Nas

Inna lillahi. Allah ya gafarta wa Kawu. Saurara da kyau, ba lokacin ba'a ba ne.

Ware ɗaki, kofi da buta,
Inna ta koma can sashenta,
Kira lambar masu yaƙi da cuta,
In an yi shiru, sake, ƙanena.

Ka ƙirga kwana 14 daga yau. Abinci a ajiye maka a bakin ƙofa, taga a buɗe, takunkumi a fuska duk sanda za ka banɗaki. In ka ji numfashi ya fara sama-sama ko magana tana yanke maka, kar ka jira gari ya waye, a kai ka asibiti. Ka riƙa shan ruwa sosai. Maganar azumi kuwa ga Alaramma nan.

Alaramma

Ka sha, ɗana. Mara lafiya an yi masa rangwame, ka rama bayan salla.

Uwar Biyu, Alhamis 30 ga Afrilu

Na yi ta juya ko in faɗa ko in bari, don kar ya zama riya. To ga shi dai, tunda Ɗan Sahu ne sila.

Ɗan Sahu ka hana ni barci,
Maƙwabciyata mai sai da abinci,
Hayaƙi ya ɗauke, ba ta da na ci,
Sai na raba geron da na auna.

Na taka turmi, na dafa katanga,
Na kira sunanta, kai ta ɗaga,
Ko 'ya'yanta ba wanda ya farga,
Da ƙullin daddawa ya dawo, kwanona.

Ɗan Sahu, Lahadi 3 ga Mayu

Yaya, Allah ya ba da ladan. Nan ma ba mu kwana da cikinmu haka ba.

Tallafin bai iso layinmu ba,
Amma mai keke bai ce balas ba,
Mai shago bai rufe littafi ba,
Da su muka sha ruwa, ni da yarana.

Gobe Litinin an ba mu awa shida,
Goma zuwa huɗu, sai kowa gida,
Baba rubuto min da tawada
Abin cefane, in biyo da kekena.

Bazazzagi

Ka ga Bakano, awa shida ma sai ya yi dako a ciki. Baba, kar ka ba shi ko sisi, ya ce sadaka ce.

Baba Mai Tawada

Ɗana, Allah ya yi albarka,
Tsamiya, gero da ƙullin kuka,
In ka iso kar ka shigo ɗaka,
Ajiye a soro ka kira sunana.

Takardar maganin hawan jini na nan a ƙarƙashin buta da kuɗin a naɗe, ka biya kyamis ka karɓo. Kar ka saurari Bazazzagi, na mai na ciki.

Sarkin Gardama, yau kwana biyar ba mu ji ka ba. Ko baiti ɗaya ne ka turo, ko ya karye ba tara. Wanda ke da lambarsa a cikinku ya kira.