Keji Ne Ko Akurki? Rigimar Karatun Gida a Zauren Zumunta

Maman Hanif: Assalamu alaikum 'yan uwa. Yau dai sai na amayar da abin da ke raina, wanda zai ji haushi ya ji. Tunda muka cire yara daga makaranta muka koma koyar da su a gida, ba taron dangin da zan je ban dawo da ɓacin rai ba. Shekaranjiya a wajen sunan gidan Yaya Sani wata ta tsare Hanif da tambayar ajinsu nawa. Da ya ce a gida yake karatu aka kwashe da dariya, har ana cewa 'yan yawon buɗe ido. To ku sani, yaran nan da asuba suke tashi. Bayan sallah hadda, ƙarfe takwas lissafi da Turanci, malamin kimiyya yana zuwa har gida, da la'asar su tafi Islamiyya. Yawon da ake mana gori a kansa kuwa, shi ma karatu ne. Da muka je Yankari, Hanif da hannunsa ya tsoma ma'aunin zafi a ruwan ɗumi na Wikki da safe, ya sake tsomawa da daddare, ya ga digiri 31 ne bai motsa ba. Bai bar babansa ya huta ba sai da ya zana masa yadda ruwan ke ɓuɓɓugowa daga ƙarƙashin ƙasa. Ummi ta tsuguna ta zana sawun giwa a littafinta, ta auna faɗinsa da igiyar takalminta. Su suka kafa tanti, su suka hura wuta. Abin da suka koya a tafiyar nan ya fi na zango guda. Ni ba zan kulle 'ya'yana a keji daga bakwai da rabi zuwa ƙarfe biyu don a ce mini uwa ta gari ba.

Anti Binta: Wa alaikumus salam. Keji?

Anti Binta: Hauwa, keji kika ce? Tun kina goye nake riƙe da alli, ashe kiwon kaji nake yi ban sani ba.

Maman Hanif: Anti ni ban kira sunan kowa ba.

Yaya Sani: Ba sai kin kira ba. 'Ya'yana duk suna makaranta. In makaranta keji ce, su kuma mene ne? Sannan a gidana aka yi sunan nan, kin ci kin sha, kin zo nan kina tallata ni.

Abba: Manya a gafarce ni, ɗan gyara ne. Kaji a akurki ake sa su. Keji na kanari ne da aku. In ma zagi ne to na masu daraja ne, kanari ya fi kaza tsada.

Anti Binta: Aku ai ya fi muni. Wato ɗalibanmu maimaita abin da ba su gane ba suke yi ke nan.

Maman Hanif: Ke kika faɗa Anti, ba ni ba.

Fati: A kasuwar 'yan kaji fa keji suke cewa. Na ƙarfe ne, ana jera su bene-bene.

Abba: Wannan na kajin gidan gona ne Yaya Fati. Na Hausa akurki.

Yaya Sani: Wato yanzu an koma tantance ko 'ya'yana na gidan gona ne ko na Hausa.

Gwaggo Ladi: Ni ban iya dogon rubutu ba, jikata ce ke danna mini. Hauwa'u, ni ce na tambayi yaron ajinsa. Ni ce "wata"? Ni da na yi miki wankan jego?

Maman Hanif: Gwaggo ku yi haƙuri, wallahi ba ku nake nufi ba, masu dariyar nake nufi.

Gwaggo Ladi: Ni ma na yi dariyar.

Barista Nura: A bar maganar tsuntsaye, a zo kan doka. Dokar ilimin bai-ɗaya (UBE) ta 2004 ta wajabta wa kowane uba ko mariƙi ya tabbatar ɗansa ya yi firamare shida da ƙaramar sakandare uku, shekara tara ke nan. Wanda ya ƙi, karon farko gargaɗi ne, na biyu tarar N2,000 ko ɗaurin wata ɗaya, in ya sake N5,000 ko wata biyu. Kalmar da dokar ta yi amfani da ita, yaro ya halarci makaranta ne. Ba tsoratarwa nake ba ƙanwata, sanarwa ce.

Maman Hanif: Barista, fito bakin titin gidanku ƙarfe goma na safe ka ƙirga yaran da ke riƙe da roba da masu farantin talla. Duk an gama ɗaure iyayensu ne aka zo kaina?

Malam Habu: Ka da ki shigo da almajirai cikin wannan magana. Almajiri karatu ya fito nema.

Abba: To Malam, shi ma Hanif karatu ya fito nema. Bambancin kawai shi a mota aka kai shi.

Dakta A'isha: Na farka na tarar da saƙo rututu. A nan Ingila abin ba baƙo ba ne. Dokar ilimi ta 1996 cewa ta yi ilimin ne wajibi, ko a makaranta ko ta wata hanyar. Maƙwabciyata a gida take koyar da nata, ranar Juma'a su haɗu da wasu iyalan su tafi gidan tarihi ko gandun daji, da bazara su yi zango a tanti. A Amurka ma duk jihohi 50 sun halatta.

Yaya Mudi: Ni kuma a nan Jamus haramun ne, tara ake ci, har kotu ana kai iyaye. Faransa ma tun 2022 sai ka nemi izini. Ba duk Turawa ne suka yarda da shi ba Dakta, ki daina zaɓo mana wanda ya yi miki.

Dakta A'isha: Ni ban ce duk Turawa ba.

Anti Binta: Ku biyun nan 'ya'yanku a ina suke karatu?

Dakta A'isha: A makaranta, amma ba shi ake magana ba.

Anti Binta: A keji dai.

Malam Habu: Me ya kai mu Jamus? Nana Asma'u a gida ta yi karatu, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kafa 'Yan Taru, tana tura jajoji, wato malamai mata, ƙauyuka suna koyar da mata a cikin gidajensu. Wace firamare ta shiga? Karatun gida gadonmu ne.

Maman Hanif: Allah ya saka da alheri Malam.

Anti Binta: Malam, Nana Asma'u Shehu Usmanu ne ubanta, Abdullahin Gwandu baffanta, Muhammadu Bello yayanta. Wannan gida ai jami'a ne. Shi Baban Hanif kayan gini yake sayarwa.

Maman Hanif: Anti a tsaya a kaina, ka da a taɓa mini miji. Kuma injiniya ne.

Yaya Sani: Ni abin da ya fi damuna dajin ne. A wannan zamanin mutum ya kwashi mata da yara ya je ya kwana a jeji cikin ƙyalle? In wani abu ya faru mu za a fara bugo wa waya.

Maman Hanif: Yaya, 'yan matan Chibok a 2014 daga ina aka kwashe su? Na Dapchi a 2018 fa? Ƙanƙara a 2020, Jangebe a 2021, Kuriga a 2024? Ko ɗaya ba a tanti aka same su ba, duk a makaranta ne.

Baffa Hedimasta: Hauwa'u, ba a cin gardama da hawayen iyayen wasu. Ki janye.

Maman Hanif: Na janye Baffa. Amma gaskiya ce.

Zainab: Ni dai ba na son shiga, amma Yaya Hauwa tunda da ni aka je, a faɗi yadda aka yi. An kafa tantin, an ɗauki hoto, an dafa taliya a kan risho. Da la'asar gwaggon biri ya zo ya zauna a bakin tantin kamar wanda aka gayyata, ya buɗe kula, ya ɗauki burodi da ledar sukari ya haye bishiya yana kallonmu. Ummi ta yi ta ihu. Kafin goman dare sauro ya kore mu, muka naɗe komai muka koma ɗaki.

Gwaggo Ladi: Wace Gwaggon ce ta ɗauki burodi? Ni ban taɓa taka Yankari ba.

Abba: Biri ne Gwaggo, ba ku ba ne.

Gwaggo Ladi: Yau ni ce wata, ni ce biri. Ba komai.

Maman Hanif: Zainab na gode. Kuɗin motarki da abincinki wa ya biya? Kuma a gonar Toro ba a tantin muka kwana har asuba ba? Ba a nan Hanif ya nuna miki Kaza da 'Ya'yanta a sama ba, ke da digirinki ba ki san ta ba?

Abba: Ga kaji sun dawo.

Kawu Bala: Ni duk rigimarku ba ta dame ni ba, amma Sani ka gyara bakinka, Yankari ba jeji ba ce kawai. Tun 1956 aka keɓe ta, 1962 aka buɗe wa baƙi, ta zama ta tarayya a 1991, a 2006 ta dawo hannun Jihar Bauchi. Faɗinta ya haura murabba'in kilomita 2,200. In ka bar Bauchi ka bi hanyar Gombe, ka karya a Dindima, sai ƙofar Mainamaji. Da rani ka zo, lokacin da ciyawa ta bushe dabbobi suka gangaro kogin Gaji shan ruwa. Ku Kanawa in ban da gidan zoo me kuke da shi?

Yaya Sani: Falgore fa Kawu? Tiga fa? Dala fa?

Kawu Bala: Falgoren da sai da sojoji suka mai da ita wurin atisaye? Je ka kafa tanti a can mu gani. Dala kuwa minti nawa ne hawanta?

Fati: Kawu ku da Kano ta goya, yanzu don kun yi aure a Bauchi.

Kawu Bala: Ke Fati ba sa'arki ba ne ni.

Yaya Mudi: An yi bincike fa, yaran da aka koyar a gida ba sa iya zama da mutane in sun girma.

Dakta A'isha: Wa ya yi binciken?

Yaya Mudi: Wani Bature ne, a bidiyo na gani. Zan nemo.

Dakta A'isha: Ni kuma na ga wanda ya ce sun fi cin jarrabawa.

Yaya Mudi: Turo.

Dakta A'isha: Kai ka fara turowa.

Fati: Tambayata ɗaya, kuma tsakani da Allah nake yi. Takardar shaida fa? Ranar da Hanif zai nemi jami'a, sawun giwa zai kai musu?

Abba: Wannan mai sauƙi ne Yaya Fati. WAEC tana da jarrabawar masu zaman kansu, NECO ma tana da tata, ba sai ta hannun makaranta ba. JAMB kuma kowa da kansa yake rajista. Inda za a sha wuya ɗakin gwaje-gwaje ne in kimiyya zai yi.

Anti Binta: Abba kai lauyan Hauwa ne? Nawa ta tura maka na data?

Yaya Sani: A faɗi gaskiya mana. Kuɗin makaranta aka ƙara aka gudu, aka dawo ana mana falsafa.

Maman Hanif: Wallahi abin da muke biyan malamai da littattafai ya fi kuɗin makarantar.

Anti Binta: To kin ga ni. Abin masu hali ne. Matar da za ta fita tun safe neman na cefane, wa zai zauna mata da yara yana auna ruwan zafi? Yaran da ke gabana a aji wasu ko karin kumallo ba su yi ba, wannan kejin da kike rainawa shi ne kaɗai inda wani zai tambaye su ko sun iya rubuta sunansu.

Fati: Tunda an zo maganar hali, Yaya Hauwa gudummawar bikin Zainab saura naki. An samu na Yankari ai.

Zainab: Don Allah a cire bikina a ciki.

Maman Hanif ta fita daga zaure.

Abba ya dawo da Maman Hanif.

Maman Hanif: Abba ka da ka sake.

Baffa Hedimasta: To, ya isa haka. A matsayina na babba kuma shugaban wannan zaure, na karanta komai daga farko, ga abin da aka tsayar. An yi ittifaƙi cewa makaranta ba keji ba ce, kuma Hauwa'u ta janye kalmar. Barista ya tabbatar mana cewa karatun gida laifi ne mai ɗauri. Mudassiru ya kawo bincike daga Jamus cewa irin waɗannan yara ba sa iya zama da jama'a. Zainab, wadda ganau ce, ta shaida cewa ba a kwana a tanti ba, kuma dabba ta kai wa yara hari. Maganar Nana Asma'u, Binta ta ba da amsar da ta gamsar da kowa. Abin da A'isha ta faɗa na Ingila ne, mu kuma ba a Ingila muke ba. Yawon ganin daji ba laifi ba ne in an yi shi lokacin hutu, a ƙarƙashin kulawar malamai, kamar yadda muke kai ɗalibai Gidan Makama a zamaninmu, a layi, kowa da littafinsa. Saboda haka ina ba Hauwa'u shawara ta mai da yara makaranta a zango mai zuwa. In tana neman mai kyau, ta matar Sani tana karɓar sababbin ɗalibai, kuma akwai ragi ga dangi. Sannan ta kira Ladi ta ba ta haƙuri.

Maman Hanif: Baffa maganar Chibok na janye, ba keji ba.

Barista Nura: Ni ma Baffa ban ce za a ɗaure ta ba.

Yaya Mudi: Bidiyon ban same shi ba tukuna.

Baffa Hedimasta ya sauya tsarin zaure: shugabanni kaɗai ke iya tura saƙo.

Kawu Bala: Ni ma shugaba ne a zauren nan. Sani, har yanzu ba ka janye "jeji" ba.