Wane shiri ne ake tambayar gwani yadda yake aikinsa?

Telan_Tudunwada:

Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambayata ga masu bibiyar hirarrakin da ake yi da mawaƙa da 'yan fim da sauran fitattun mutane ce. Wane shiri ne, a rediyo ko talabijin ko YouTube, ake zaunar da gwani a tambaye shi yadda yake yin aikinsa, ba tarihin haihuwarsa da zancen aurensa kaɗai ba?

Ni tela ne a Zariya. Wanda ya san shagon tela ya san ido da hannu da ƙafa ne ke wahala, kunne kuwa zaman kashe wando yake yi. Da can waƙa nake ba shi, amma 'yan shekarun nan hira ta ƙwace wurin. Daga tsakiyar azumi zuwa daren salla, lokacin da barci ya zama na masu gata, nakan jingina waya a jikin gwangwanin maɓallai in kunna Daga Bakin Mai Ita na BBC Hausa, ko Kundin Kannywood na Arewa24, ko hirar da Hadiza Gabon take yi da baƙinta. In keke na gudu ba a jin komai, don haka nakan ajiye wadda na fi so sai an zo aikin hannu, kalmasa da sa maɓalli da yanke zare.

Kada a yi min fahimtar baibai, ina jin daɗinsu ƙwarai. Akwai abin da waƙa ko fim ba sa ba ka sai hira: yadda mutum yake dariya, inda yake ɗan yin shiru kafin ya amsa, da karin harshensa na gida da yake ɓuya in yana gaban kyamarar fim. Na daɗe ina jin muryar Fati Nijar tana fitowa daga bakin 'yan wasa daban-daban kafin in ga fuskarta tana magana da kanta.

Abin da ke damuna shi ne tambayoyin. Har yaran shagona sun haddace su, suna riga mai gabatarwa faɗa. A ina aka haife ka, wace makaranta ka yi, me ya ja hankalinka, wane ƙalubale ka fuskanta, wane abinci ka fi so, wace ƙasa kake burin zuwa. In mace ce, yaushe za mu sha biki. Shi kuma baƙo ya ce ai rayuwa ba ta rasa ƙalubale amma an gode Allah, a wuce.

Ku ɗauki Ɗan Maraya Jos, Allah ya jiƙansa. Kowa ya san labarin maraicinsa a Bukuru, daga nan ma sunan ya fito. Ni kuntigin nake son ji. Ɗan gwangwani ne aka rufe da fata, tsirkiya ɗaya tal, amma mutumin nan ya riƙe taro da shi shi kaɗai, babu 'yan amshi a bayansa. Wa ke haɗa masa? Yaya yake yi da fatar in damina ta sa ta saki, ko hunturu ya ɗame ta? Da ba shi da masu amshi, a ina yake samun sararin numfashi da tunanin baiti na gaba? Ya rasu a 2015, ba wanda zai amsa yanzu sai in akwai wanda ya tambaya tun yana raye.

Sai kuma namu na sana'a. Sarki zai fito hawan salla da babbar riga, mai adon ɗinkin da ake kira aska takwas, ta sha aikin hannu, a yi ta ɗaukar hoto ana yaɗawa. A cikin birnin Zariya akwai dattijan da suke zana wannan aikin a jikin ƙyalle kafin a miƙa wa masu allura, waɗanda kan yi watanni a kan riga ɗaya. Ban taɓa cin karo da hira da ko ɗaya daga cikinsu ba. In akwai wanda ya san inda ake irin wannan, don Allah ya nuna min hanya.

Baba_Mai_Ritaya:

Wa alaikumus salam. Malam tela, Allah ya yi albarka. Na yi aikin rediyo shekaru masu yawa kafin in ajiye, bari in faɗa maka inda gizo ke saƙa.

Tambayar farko kowa ya iya ta, a takarda ake zuwa da ita. Ta biyu ce ba a rubutawa, don daga amsar baƙo take fitowa. In mawaƙi ya ce maka a mota ya yi waƙa kaza, mai takarda zai ce madalla ya koma layi na gaba. Wanda ya san waƙar zai ce to ai akwai baitin da ka ambaci wani gari, ta can kuka bi ke nan? Nan take za ka ga mutumin ya gyara zama, don ya gane da mai sauraronsa yake magana. Kafin ka iya haka sai ka kwana kana jin waƙoƙinsa. Yaran yanzu ba rashin basira ke damun su ba. Ana turo su da baƙi uku a rana, kuma abin da ake jira daga gare su guntun bidiyo ne na minti ɗaya da za a sa a Facebook da TikTok. Zancen fatar kuntigi ba ya ba da wannan guntun, zancen aure shi ke bayarwa.

Na biyu, ka daina kallon ubangidan kiɗa shi kaɗai. Alhaji Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, in ka saurari waƙoƙinsa da kyau za ka ji 'yan amshinsa ba maimaita amshi kawai suke yi ba. Yakan ɗauko magana ya sake ta a tsakiya, su cafe su ƙarasa, har su yi ƙari, ga kotso na tafiya a ƙarƙashi. Wannan ba ya yiwuwa sai an zauna an bi waƙar tare tun daga gida. Mamman Shata kuwa, wanda ya rasu a 1999, salonsa daban ne: shi ke zuba baitoci, 'yan amshi su riƙe amshi ɗaya, masu kalangu su riƙe masa hanya. Wanda ya yi shekara ashirin yana kaɗa kalangu a bayan Shata ya san abubuwa game da waƙar da shi Shatan ba zai tsaya bayyanawa ba. Irin waɗannan mutane ba a cika kai musu makirfo ba, kuma su ne suka fi sakin baki, don ba su da sunan da suke karewa.

Akwai kuma ladabi. Makaɗin fada ba a ce masa wa ka yi wa zambon nan. Ba zai faɗa ba, kuma ka rufe ƙofar sauran hirar. Sai dai ka tambaye shi wane hali gari ke ciki a shekarar da ya yi waƙar, wa da wa ke neman sarauta. Mai hankali zai haɗa sauran.

Game da inda za ka samu: gidan rediyon Kaduna tun 1962 yake watsa shirye-shirye, kuma manyan makaɗan ƙasar Hausa da yawa sun shiga ɗakin ɗaukar maganarsa. Wasu tsofaffin faya-fayan masu sha'awa suna ɗora su a YouTube, ka riƙa neman sunan makaɗi haɗe da kalmar hira. Sannan ga jami'a a bakin ƙofarka. Ɗaliban Hausa na ABU da Bayero da Usmanu Ɗanfodiyo sun yi ta bin makaɗa gida-gida don rubuta kundin digiri, kuma tambayoyinsu irin naka ne. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Bayero ya yi shekaru yana wannan aiki a kan makaɗan baka. Sai dai karantawa za ka yi, ba kunnawa kana kalmasa ba.

Maman_Husna:

Baba ina wuni, Allah ya ƙara lafiya. Ni dai ban yarda da malam tela gaba ɗaya ba.

Tambayar aure ga 'yar fim ba gulma ce zalla ba. A Kannywood yawanci in mace ta yi aure ta bar fitowa a fim ke nan, sai dai ta koma shiryawa ko kasuwanci. To ka ga tambayar aure tambayar sana'a ce. Matsalar yadda ake yin ta ne, da 'yar dariya, kamar ana tsokanar ƙanwa. Da za a ce mata, ke da kika san ranar ɗaurin aurenki ce ranar ajiye aikinki, yaya kike shirin abin da za ki ci gaba da shi, da an ji magana mai nauyi. Shi ya sa nake son in ga mace na tambayar mace. Akan kai inda namiji ba zai kai ba, har a yi hawaye a share a ci gaba.

Kuma da kuke ta lissafa maza, ina Barmani Choge? Kiɗan amada a cikin gida ake yin sa, wurin biki da suna, mata zalla, ƙwarya a kife a kan ruwa ana kaɗawa. Galibin masu ɗaukar hira a zamaninta maza ne, ba su ma shiga inda ake abin. Ta rasu a 2013. Ni matan da suka yi mata kiɗan ƙwarya nake son a nemo a Funtuwa, a tambaye su yadda ake zaɓen ƙwarya, da yawan ruwan da ake zubawa don sauti ya fita, da abin da matan kulle suke raɗa wa mawaƙiya ta saka musu a waƙa don kishiya ta ji.

Tambayar abinci kuma ku bar mana kayarmu. Ina so in san wanda ke cin ɗanwake da mai da yaji.

Dan_Adar:

Salamu alaikum. Ni daga jihar Tawa nike, nan Nijar. Malam tela, zancen masu zanen riga da ka yi shi ya sa ni magana, don mu ma muna da irin shi ga magina.

Akwai wani ƙauye Yama, wajen Illela tamu ta Nijar. Masallacin Juma'arsu na ƙasa ne, wani magini ɗan garin, Alhaji Falke Barmu, shi ya gina shi a 1962, mutanen gari na kawo ƙasa da ruwa da itace. Daga baya ya sake rufin da bakan gizo, wato lanƙwasassun bakunan ƙasa masu riƙe rufi, da tulluwa, kuma ya tada hasumiya huɗu a kusurwoyi, kowace da siffarta, ba wadda ta yi kama da wata. A 1986 ginin ya samu kyautar Aga Khan ta gine-gine. Masana daga ƙasashen waje sunka zo sunka auna sunka rubuta da Faransanci da Ingilishi. Abin da ni nike so in ji da Hausa shi ne mi ya sa bai yi hasumiyoyin iri ɗaya ba, kuma ƙaƙa yake gane ƙasar da za ta ɗauki nauyin baka.

Wajen mawaƙa, ka nemi hirarrakin Malam Mamman Barka, wanda ya rasu a 2018. Malamin lakkwal ne, wato makarantar boko, da ya yi suna da gurumi, daga baya ya tafi bakin tafkin Chadi ya zauna wurin wani tsoho, Bukar Tar, ya koyi biram, abin kiɗan ƙabilar Buduma mai tsirkiya biyar da siffar jirgin ruwa, lokacin da masu iya shi sunka kusa ƙarewa. Da yake malami ne, bayani sana'arshi ce, kuma labarin nashi ba ya faɗuwa sai an yi zancen abin kiɗan kanshi.

Abba_Kwanar_Dangora:

Oga tela, yanzu na gane dalilin da ya sa kayan sallarmu ba sa fitowa sai ranar hawan Daushe. Ashe hira ake kallo.

Maganar gaskiya, hirar awa ɗaya data take ci, shi ya sa muke tsayawa a guntaye. Ni da dare nake saukewa in an yi arahar data. Amma tunda dattijan nan a garinku suke kuma kana da waya, me ya hana ka je ka ɗauko da kanka? Kai ka san aska biyu daga aska takwas, ɗan jarida bai sani ba.

Telan_Tudunwada:

Abba, kawo naka tun Sha'aban ka ga aiki.

Na gode muku duka. Maman Husna, na karɓi gyaran tambayar aure, ta abinci ce dai har yanzu ban ga amfaninta ba. Baba, shawarar Abba ta shige ni. Akwai wani dattijo abokin maigidan da ya koya min ɗinki, idonsa ya fara rauni amma har yanzu yana zane. Damuwata biyu ce. Mutum ne mai kunya, in ya ga an nufe shi da waya zai ƙame. Sannan masu sana'a irin tasa suna ganin wasu abubuwan sirrin gida ne. Ta ina ake farawa?

Baba_Mai_Ritaya:

Kada ka je masa da sunan hira. Ka sa maigidanka ya yi maka iso, ka riƙe goro, ka tafi da yadin farin ƙyalle ka roƙe shi ya zana maka aska biyu irin ta da, ka biya shi ladan aikinsa yadda ake biya. Ka je da hantsi, lokacin da haske zai taimaki idonsa. Ka gaya masa gaskiya cewa kana son ɗaukar maganarsa don kada ka manta, in ya yarda ka ajiye wayar a tabarma kusa da gwiwarsa, ba a fuskarsa ba. A kashe fanka, kuma in maƙwabta sun tada janareta ka haƙura sai wata rana.

Ka fara da abin da hannunsa ke yi a lokacin: me ya sa ka fara ta nan, wannan layin me ake kiran sa, wa ya nuna maka. Sunan wanda ya koya masa shi zai buɗe sauran, don dattijo ya fi son yabon maigidansa a kan yabon kansa. In ya yi shiru kada ka cike masa shirun. Abin da ya ce sirri ne ka bar masa, kuma kafin ka ɗora komai a intanet ka kunna masa ya ji, da shi da babban ɗansa. Ranar da ka dawo ka tura kwafi a wayar wani yaron shagonka.