Neman Shawara: Ba'ar da Abokin Aikina Yake Yi Mini a Landan

Abu Khadija: Assalamu alaikum, 'yan uwa. Ina aiki a wani ɗakin ajiyar kaya a gabashin Landan, kuma na sha wahala kafin na samu aikin, domin karatu ne ya kawo ni, kuɗin haya ya yi mini nauyi, ga mahaifiyata tana jinya a gida, kowa kuma ni ya zuba wa ido. Akwai wani dattijon Bature a sashenmu da yake kirana "berk" a gaban jama'a, sauran su kwashe da dariya. Idan na ɗaure fuska sai ya dafa kafaɗata ya ce ai "taking the mickey" kawai yake yi, wato zolaya. An faɗa mini cewa kalmar "berk" tana da mummunan asali. Shin in kai ƙararsa, ko in haɗiye?

Malam Sani: Wa alaikumus salam. Ƙanena, ka saurare ni, domin na daɗe a garin nan. Wannan salon maganar Kokni ne, mutanen gabashin Landan, waɗanda a al'adarsu ɗan asali shi ne wanda aka haifa inda ake jin ƙararrawar cocin St Mary-le-Bow. Tun wajen shekarun 1840 masu talla a titi suke maye gurbin kalma da wata magana mai amo ɗaya da ita, sannan su yanke ƙarshen, sai baƙo ya rasa inda aka dosa. John Camden Hotten ya tattara irinsu a ƙamusunsa na 1859. Ta haka "porkies" ta zama ƙarya, daga "pork pies" mai amo da "lies". Ita "berk" ana mayar da ita ga "Berkeley Hunt", sunan wata ƙungiyar mafarauta, kuma kalmar da take ɓoyewa batsa ce da ba zan rubuta ba. "Mickey" kuwa ana danganta ta da "Mickey Bliss", mai amo da kalmar fitsari. Amma a yau "berk" wawa kawai take nufi, kuma yawancin masu faɗinta ba su san tushenta ba. Kada ka kai ƙara.

Hajiya Rabi: Malam, da girmanka, ban yarda ba. Ko da wawa take nufi, wa ya ba shi izinin kiran magidanci wawa? Dokar daidaito ta Birtaniya ta 2010 ta hana muzgunawa a wurin aiki saboda launin fata ko addini. Ni a gidan kula da tsofaffi nake aiki, kuma da wasa aka fara gutsure sunana, daga baya aka koma ɗora mini aikin dare duk ƙarshen mako, har yanzu ban samu wanda ya saurare ni ba.

Baba Modu: Wasan Fulani da Barebari yana da daɗi ne saboda kowa yana ramawa. Ɗana, ka mayar masa da kalmar cikin fara'a. Idan ya yi dariya, wasa ne. Idan ya fusata, raini ne.

Abu Khadija: Baba, sa'an mahaifina ne, bakina ba zai iya ba. Hajiya, ni ban ce mugu ba ne, domin shi ne yake tsaya mini a kan aiki idan na tafi sallar azahar. Kuma shiruna ba tsoro ba ne, takarduna nake karewa.

Malam Sani: To, ka ji dalilina. Baturen Ingila ba ya tsokanar wanda bai ɗauka nasa ba. Wanda ya tsana, ladabi mai sanyi yake yi masa. Ramawa ba tarbiyyarmu ba ce, ƙara kuwa za ta raba ka da mutum ɗaya da yake tsaya maka.

Hajiya Rabi: Ba kowane Bature ne haka ba, Malam. Abu Khadija, har yanzu ba ka faɗa mana ba: kowa yake kira da wannan sunan, ko kai kaɗai?