Baƙin haure ne suka kashe yawon buɗe ido a Abuja?

Alhajin Wuse: Jama'a, yau sai na faɗa ko za a ji haushi. Baƙin haure ne suka kashe harkar yawon buɗe ido a garin nan. Tun watan Mayun 2025 aka soke bizar da ake buga wa baƙo idan ya sauka a filin jirgi, aka ce kowa ya nema ta intanet kafin ya taso, aka kuma sa tarar dala 15 a kan kowace rana ga wanda ya wuce wa'adinsa. Saboda wa aka yi haka? Saboda masu shigowa su maƙale. Baƙon da zai zo ya ga Dutsen Zuma da Gurara, ya wuce Yankari, ya kwana a otal ya bar kuɗinsa, shi ke shan wahalar takardu. Waɗanda aka yi dokar dominsu kuwa ga su nan a Mpape da Karmo da Dei-Dei, babu mai ce musu uffan. A kwashe su kawai.

Baba Mai Ritaya: Alhaji, da girmanka, gyara kalmar nan. Yawancin waɗanda kake nufi ba baƙin haure ba ne. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan kowace ƙasa ta ƙungiyar damar shigowa ba tare da biza ba, ya yi kwana 90. Sharaɗi uku ne: ya biyo ta mashigar da hukuma ta sani, irin su Illela ko Jibiya ko Seme, ya riƙo fasfo ko takardar tafiya ta ECOWAS, ya kuma zo da katin rigakafi. Idan zai wuce kwana 90, sai ya je ofishin shige da fice ya nemi katin zama. Wanda ya cika waɗannan ɗan gida ne a idon doka.

Injiniyan Lugbe: Baba, ai da bakinka ka kawo hujjar Alhaji. Mutum nawa ne suka cika sharuɗɗan? Mai ga-ruwa da mai yankan farce da mai gadi, wa ya taɓa ganinsu da fasfo? A bayan babur suke bi ta gonaki. Babu hatimin shigowa, saboda haka babu ranar da za a fara lissafin kwana 90 daga kanta. In wannan ba haure ba ne, mene ne?

Ɗan Maraɗi: Haure? Wace katanga aka haura? Ku nuna min katangar da ke tsakanin Jibiya da Maraɗi. Sarautar garinmu har gobe Sarkin Katsina ake ce mata, don sarakunan Katsina ne suka kafa shi bayan jihadi. Akwai mai gidan da ke kwana a Nijar gonarsa tana Najeriya. Turawa suka ja layi a takarda, ku kuma kuna kiran ɗan'uwanku da sunan ɓarawo.

Injiniyan Lugbe: Babu wanda ya ce ɓarawo, ɗan'uwa. Kuma tunda ka tayar, ku ne kuka fice daga ECOWAS ranar 29 ga Janairun 2025, ku da Mali da Burkina Faso. Da wace yarjejeniyar za ku fake yanzu?

Baba Mai Ritaya: A'a Injiniya. A ranar da suka fita, ECOWAS ta ce a ci gaba da karɓar fasfonsu da katinsu masu tambarin ƙungiyar, a kuma bar musu 'yancin zirga-zirga da zama har sai an sanar da wani abu daban.

Ɗan Maraɗi: Mun fita ne bayan kun rufe mana iyaka kun yanke mana wutar lantarki a 2023. Asibitoci suka zauna a duhu. Wannan ma haure ne?

Maman Walid: Ku dakata, kun bar inda matsalar take. Mutum iri uku kuka cusa a buhu ɗaya. Akwai ɗan maƙwabta da ya shigo ta ƙasa babu takarda. Akwai wanda ya shigo daidai wa'adinsa ya ƙare. Sai kuma wanda ya sauka a filin jirgi da bizar yawon buɗe ido ko ta ganawar kasuwanci, washegari ya kama aiki a masana'anta ko wurin haƙar ma'adinai. Dokar 2025 na biyu da na uku take nema, ba ta ma san da na farko ba. Wanda zai zo ya haɗa inji na ɗan lokaci, izinin aiki na wucin gadi ya kamata ya riƙo. Wanda zai zauna kuwa, sai kamfani ya samu gurbin ɗaukar baƙi daga Ma'aikatar Cikin Gida, a ba mutumin bizar zuwa aiki da ake kira STR a ofishin jakadancin Najeriya da ke ƙasarsa, ya shigo, cikin kwana 90 a daidaita masa zama a ba shi katin CERPAC, wato katin izinin zama na baƙo. Kamfanoni na gudun kuɗin da jiran, shi ya sa suke shigo da ma'aikaci a rigar ɗan yawon buɗe ido. A Disamban 2024 EFCC ta kama mutum 792 a bene ɗaya a Legas kan zambar intanet, 148 'yan China ne. Ba a bayan babur suka zo ba.

Alhajin Wuse: Hajiya, ko ta sama ko ta ƙasa, duk baƙin haure ne.

Barista: Ba duka ba, ranka ya daɗe. Wanda aka buga wa hatimi ya shigo, laifinsa wuce wa'adi ne ko yin aiki ba izini. Ni abin da ya fi damuna shi ne «a kwashe su». Da me za a gane su? Da fuska? Bagobirin Sabon Birni da Bagobirin Tsibiri harshensu ɗaya, tsagarsu ɗaya. Lambar NIN ba shaidar zama ɗan ƙasa ba ce, baƙon da ke zaune bisa ƙa'ida ma ana ba shi. Sashe na 25 na tsarin mulki iyaye da kakanni yake dubawa, haihuwa a Najeriya kaɗai ba ta wadatar. Ku tuna Shugaba Darman, shugaban masu rinjaye a majalisar dokokin Borno. A 1980 aka ɗauke shi aka kai Chadi wai ba ɗan ƙasa ba ne, kotu ta ce ɗan ƙasa ne. In an yi wa mai muƙami haka, ina ga ɗan Illela mai tura kurar ruwa da bai san inda takardar haihuwarsa take ba? Duk samamen da za a yi a Abuja, namu na arewa za a fara lodawa a mota.

Injiniyan Lugbe: Shagari ya kori baƙi a Janairun 1983 kuma ƙasa ba ta tsage ba.

Barista: Ya yi, mutum wajen miliyan biyu suka fita, kusan rabinsu 'yan Ghana. Tattalin arziki ya gyaru? Ghana ma ta kori namu a 1969. Kuma Injiniya, tsakani da Allah, su wa ke maka silin na POP da ɗaura tayil a Guzape da Jahi? Ba 'yan Togo da Kwatano ba ne? Katin zama yana buƙatar wasiƙar wanda ya ɗauki mutum aiki, cewa ya ɗauki nauyinsa a gaban hukuma. Wane ɗan kwangila ne ke rubuta ta? Ba a rubutawa, don marar takarda ba ya kai ƙara in an hana shi kuɗin aikinsa.

Injiniyan Lugbe: Wannan ƙazafi ne. Ana ɗaukarsu ne don aikinsu ya fi kyau, layinsu ba ya karkacewa, kuma ba su da arha ko kaɗan. Sannan magini na wata biyu da ake biya a kan kowane ɗaki, wa zai rubuta masa wasiƙar ɗaukar aiki?

Ɗan Maraɗi: Ashe in ɗan Togo ne gwani ne, in ɗan Nijar ne baƙon haure. To 'yan uwanku da ke tafiya Umara su ƙi dawowa, suna zaune a Jidda babu igama sai an kama su an yi musu tarhil, me kuke kiransu? Takari kuke cewa, ba ku taɓa ce musu baƙin haure ba.

Maman Walid: Kada ka sa Umara a cikin wannan, Malam. Kuma cikin takarun akwai 'yan Nijar da yawa.

Ɗan Maraɗi: Kawo adadinsu, Hajiya.

Maman Walid: Kai ma kawo naka.

Baba Mai Ritaya: Adadin ai shi ne ciwon. A Yulin 2019 gwamnati ta buɗe rajistar baƙi ta intanet, ta yi afuwar wata shida ga duk wanda ya wuce kwana 90 ya zo a ɗauki hoton yatsunsa ba tare da hukunci ba. Masu fasfo suka je. Marasa takarda suka ɗauka tarko ne, suka ƙi. Iyakarmu da Nijar kaɗai ta kai wajen kilomita 1,500, na'urar ɗaukar bayanai kuwa tana bakin mashiga, ba ta cikin daji. A Agustan 2019 aka rufe iyakoki har Disamban 2020, abin da ya ƙaru shi ne kuɗin ɗan acaɓan da ya san ɓarauniyar hanya.

Maman Walid: Alhaji, game da baƙinka kuma, abin da ke maƙalar da bizar intanet sananne ne: fasfon da bai da sauran wata shida, hoton shafin fasfo da bai fito ba, suna a tikiti ya saɓa da na fasfo, babu tikitin komawa ko shaidar otal. A nema da wuri, kada a bari sai ana gobe tafiya. Abin da ya fi korar baƙi kuma tsaro ne. Harin jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna da fasa gidan yarin Kuje duk a 2022 aka yi su, ofisoshin jakadanci suka yi ta gargaɗin mutanensu.

Alhajin Wuse: Su wa ke kawo rashin tsaron in ba baƙin hauren ba?

Ɗan Maraɗi: Ka sake faɗa! Janye kalmar nan, Alhaji.

Alhajin Wuse: Ba zan janye ba. Haka gidajen rediyo ke faɗa kullum.

Shugaban Zaure: To jama'a, dare ya yi, za a rufe nan. Abin da aka cimma shi ne, kalmar baƙin haure ba ta dace da 'yan uwanmu na Nijar ba, kamar yadda Baba da Barista suka tabbatar da hujjoji, kuma babu wanda ya iya karya su. Matsalar tana wajen kamfanoni da 'yan kwangila masu ɗaukar mutane ba takarda, Injiniya ma bai musa ba. Maganar otal da yawon buɗe ido, Alhaji ya sake kawo ta wani lokaci in yana da alƙaluma.

Injiniyan Lugbe: Na musa, Shugaba. Koma sama ka karanta.