Giraun ɗin madabod: ƙasa za mu ce, ko akwai wadda ta fi ta?

Assalamu alaikum 'yan uwa masu gyara. Mako guda ke nan muna kai-komo a kan kalma ɗaya: me za mu kira giraun da Hausa, wato wurin da ake ɗora baƙin tsinken mita in ana auna wuta. Yau zan tattaro abin da aka faɗa, in kuma faɗi inda na tsaya.

Ga abin da ya tayar da maganar. Ina koya wa wani yaro a shago yadda ake auna wutar furosesa a jikin wata tsohuwar madabod, wato babban allon cikin kwamfuta. Na miƙa masa mita, na ce jan tsinke a ƙafar kafasito, baƙin kuma a ƙasa. Sai ya sunkuya ya dangwala baƙin a daɓen siminti, ya zuba wa mita ido yana jiran lamba. Ban yi masa faɗa ba, domin abin da na ce shi ya yi. Tun ranar abin ke damuna: yara nawa ne wannan kalmar ta ɓatar ba mu sani ba?

Da yawanku kun ce a bar ta ƙasa, tunda ma'anar giraun ke nan a Turanci. Na yarda akwai wurin da ta dace. Soket ɗinmu na bango baki uku ne, na saman shi ne ke tafiya zuwa sandar da ake kafawa cikin ƙasa ta gaske, don in wuta ta zubo a jikin ƙarfe ta sami hanyar wucewa, kada ta bi ta jikin mutum. Wannan wayar ƙasa ce, ba mai musu. Duk wanda ya taɓa akwatin kwamfuta a gidan da ba a yi wannan aikin ba, ya ji tana ɗan jansa, ya san amfaninta.

Amma wayar hannu fa? Tana aljihu, ba ta taɓa ƙasa, kuma allon kayan wutarta na ciki cike yake da wuraren da aka rubuta GND, wato giraun a taƙaice. Haka laftof a kan batir, haka mota a kan tayoyinta. Ashe abu biyu ne muke kira da suna ɗaya.

Wani ɗan uwa daga Maraɗi ya ce su a can ba su da wannan ruɗani, domin Faransanci ya raba su: akwai ter, ta ƙasa, akwai mas, ta jikin na'ura. Allah ya saka da alheri, Malam, maganarka ce ta buɗe mini ido. Sai dai mas ba ta gaya wa yaron Kano ko Zariya komai, haddace ta kawai zai yi.

Masu cewa nagetif, ku duba filogin ATX mai baki 24, wanda ke kai wa madabod wuta. Baƙaƙen wayoyi takwas ne, su ne giraun. Rawaya bolt 12, ja bolt 5, ruwan lemo 3.3. Shuɗiya kuwa bolt 12 ce a ƙarƙashin sifili. In baƙar ce nagetif, shuɗiyar me za mu ce mata? Wannan ta faɗi.

An kawo makoma, don can wuta ke komawa. Ma'anar ta yi, amma Bahaushe in ya ji makoma, lahira yake tunawa. An kawo sifili, ita ma tana da gaskiya rabi. Zan dawo kanta.

Ni magama na zaɓa. Ku duba ramin da ake cusa baƙar wayar mita, COM aka rubuta, wato abin da kowa ya yi tarayya a kansa. Wutar furosesa, ta RAM, ta fanka, ta USB, kowace da hanyarta ta fita, amma duk a shimfiɗar tagulla ɗaya suke haɗuwa a cikin allon kafin su koma inda suka fito. Magamar hanyoyi ke nan. Kuma yaro in ya ji magama, ba zai nemi siminti ba, zai tambaya ina take.

To, sai babbar maganar, wadda ta sa na ƙi sifili. Masu ƙara wa furosesa wuta da hannu, irin aikin da aka yi yayinsa a zamanin Pentium 4 da Athlon XP kafin BIOS, manhajar saitin madabod, ta sauƙaƙa abin, ga yadda suke yi. Akwai aisin (IC, ƙaramin cif) da ke kula da wutar furosesa, yana da ƙafa ɗaya da ake rubuta wa FB, da ita yake jin ko wutar da ya fitar ta kai. Sai a liƙa rizisto mai murɗawa tsakanin wannan ƙafa da magama. Da an rage ƙarfin riziston, aisin zai ɗauka wuta ta yi kaɗan, sai ya ƙara. Tambayar da kowa ke yi a nan ita ce: a wane wuri na magamar zan liƙa ɗaya ƙafar? Wanda aka koya wa cewa duk sifili ne zai ce ko'ina. Ba haka ba ne.

Ku tuna kwatar unguwa ranar ruwan sama. Kwata ɗaya ce, amma in ruwa na gudu da ƙarfi, bakinta na sama ya fi na gangare tudu, shi ya sa ma yake gudu. Tagullar allo haka take. Furosesa mai nauyi yana iya jan amfiya 100 ko fiye. A ce tsakanin gindinsa da wani noti can gefen allo akwai turjiyar rabin miliyom kacal, wato rabin kashi ɗaya cikin dubu na om. Lissafi ya ba da bolt 0.05. A wutar bango wannan ba komai ba ne. A wutar da ba ta wuce 1.3 ba kuwa, babban abu ne: mita ta nuna maka 1.35, alhali abin da ke isa furosesa 1.30 ne. In kwamfutar na zaune ba aiki, bambancin ya ɓace, in ta ɗauki kaya ya dawo. Shi ya sa masu ƙera furosesa suke ware masa ƙafafu na musamman don jin wuta daga cikinsa, har da na ɓangaren magamar.

Saboda haka wurin da ka zaɓa yana bukatar sunansa daban. Na ba da shawarar madafa: inda baƙin tsinke ke dafawa, inda ƙafar rizisto ke dafawa. Wani dattijo cikinmu ya ce, ai madafa ɗakin girki ne. Gaskiya ne, Baba, amma muna cewa wane ya rasa madafa, ba kuma wanda ke zaton murhu ya rasa. A gaban benci ba za a rikice ba.

Ku ji yadda take zama a baki:

In za ka auna wutar furosesa, nemi madafa a bayan soket ɗin furosesa, a ɗaya gefen kafasiton da ka ɗora jan tsinke a kai. In za ka liƙa rizisto a FB, madafarka ta kasance kusa da aisin, a ƙafar magamarsa ta sigina, wadda takardar bayaninsa ke rubutawa AGND ko SGND, kuma wayar ta zama gajera. Doguwar waya tana kwaso hayaniyar MOSFET, masu kunnawa da kashewa sau dubu ɗaruruwa a daƙiƙa, ta kai wa aisin, wuta ta riƙa rawa. In bolt 12 ko 5 kake dubawa kawai, zoben ramin noti ko baƙar wayar Molex, filogin wuta mai baki huɗu, sun isa madafa.

Kuma ba kowane ƙarfe mai sheƙi ne magama ba. Bayan MOSFET yana da faɗi, yana jan ido, amma biyu-biyu suke aiki: na ɓangaren shigowar wuta bolt 12 ne a jikinsa, ɗayan kuma mahaɗar da ke zuwa koyil ce. Notin akwati mai fenti shi ma ba abin dogaro ba ne. A zare filogi daga bango tukuna, domin wayar filogin ATX mai ruwan shunayya tana riƙe da bolt 5 ko kwamfuta a kashe take. Sannan a sa mita a kan gwajin da take ƙara in wuri biyu a haɗe suke, a gwada wurin da baƙar waya, a ga lambar ta kusa sifili. Riziston kuma a murɗa shi zuwa ƙarshen ƙarfinsa kafin dalma ta taɓa shi, don kada a kunna wuta ta yi tsalle ta ƙona furosesa.

Jiya na sake gwada yaron nan. Na ce masa, nemo mini madafa mafi kusa da soket. Ya juya allon, ya bi ƙananan kafasitocin da ido, ya sa mita ya tabbatar da gefen da ke magama, sannan ya dafa. Daga yau a shagona ƙasa ta bango ce, magama ta allo, madafa inda ka zaɓa a jikinta. 'Yan uwa na Damagaram da Maraɗi, ku gwada su a kan yaranku ku gaya mana ko sun zauna. Saura FB, har yanzu ƙafar ji nake ce mata, kuma ban gamsu da ita ba.