Balansin manyan tayoyin motar daji: ƙwayoyi ko dalma?

Ga abin da na tsinto daga wata doguwar muhawara kan yadda za a yi balansin, wato daidaita nauyin tayoyi masu inci 35 zuwa sama: da ƙwayoyin da ake zubawa a cikin taya ko da dalmar da ake sawa a jikin rim.

1. Kusan baki ya zo ɗaya cewa dalmar da ake maƙalawa a bakin rim ba ta jure duwatsu da taɓo, faɗuwa take yi. Ta mannawa a ciki ta fi daɗewa.

2. Masu goyon bayan ƙwayoyin tangaram ko gilashi sun ce da taya ta ɗauki gudu suke bazuwa su cike gefen da bai kai nauyi ba, ko taya ta cinye suna aiki. A tafiyar sannu ba sa komai.

3. Nan aka rabu: wasu sun ce ƙwayoyi tsallen taya kawai suke gyarawa, rawar sitiyari hagu da dama sai an sa dalma a kan injin balansin. Ni ma nan na karkata, musamman ga faffaɗar taya da ke yawan hawa kwalta.

4. Iska mai laima tana dunƙule ƙwayoyi, kuma suna toshe bawul idan ba bawul mai mataci aka sa ba.

5. Idan mota na rawa, kafin a zargi balansin, a wanke busasshiyar lakar cikin rim, bakanike ya duba ƙafar motar.